Kwalin da ke Ƙarƙashin Matashin Inna

Hannun Auta ya tsaya cak a ƙarƙashin matashin kai.

Gyara wa tsohuwar kwanciya kawai ta zo yi, sai yatsunta suka ci karo da wani kwali. Ta jawo shi. Ya tsufa, ya yi laushi don yawan riƙo, amma zane biyun da aka ja a bayansa da jan biro suna nan raɗau, ɗaya na safe, ɗaya na yamma.

Ita ta ja su da hannunta.

"Inna..." in ji ta. "Har yanzu kina shan wannan?"

Inna, mahaifiyar Dogo, wanda saura ƙiris ya zama mijin Auta, ta buɗe idanunta da suka kumbura, ta yi murmushi.

"Ai shi ne lafiyata, 'yar albarka. Tun da kika aiko min shi gwiwata ta bar ni na yi sallah a tsaye. In ya ƙare, kwalin nake bayarwa a sayo min irinsa."

"Kullum kike sha?"

"Kullum ta Allah. Ko ɗazu na sha, bayan nas ta fita."

"Amma likita ya tambaye ki abin da kike sha a gida!"

"Na faɗa masa na hawan jini da na suga. Wannan kuwa ai ba na asibiti ba ne, kyautar surukata ce."



Shekararta ta ƙarshe ke nan a karatun haɗa magunguna, shekarar da ake fitar da ɗalibai daga aji a kai su gefen gadon maras lafiya. Ran da suka fara, Malama, shugabar sashen magunguna, ta tsayar da su a bakin ɗakin mata ta ce, "Kada wadda ta miƙa magani kafin ta yi tambaya. Wa zai sha? Wane ciwo gare shi banda wannan? Me yake sha a gida? Magani ba tsaraba ba ne."

Ita kuwa tsaraba ta mayar da shi.

A lokacin Inna ko sunanta ba ta son ji. "Mai tsaron kantin magani za ka kawo min gida?" Haka take ce wa Dogo, don ta riga ta ajiye masa 'Yar Lele, ɗiyar ƙanwarta da ta raina tun tana goye. Rannan da ya yi zancen gwiwar Inna, Auta ta ga ƙofa ta buɗe. Ta sayi ƙwayar kashe raɗaɗi, ta ja zane biyu, ta ce ya kai. Ta ce na kwana kaɗan ne, amma a bakin mota ta faɗa, suna dariya. Ba ta tambayi komai ba. Ba ta san da hawan jini ba, ba ta san da suga ba. Kuma irin wannan ƙwaya, in ta daɗe a jikin mai waɗannan, ƙoda take ci.

Gwiwa ta lafa, zuciyar Inna ta sauko. Yanzu ga ƙodarta tana neman tsayawa, likitoci sun rasa dalili, har suna shirin soka mata allura su ɗebo tsokar a duba.

"Na ga fuskarki."

'Yar Lele ce, wadda ke jinyar Inna, ta tare ta a barandar ɗakin, ta naɗe hannu a ƙirji.

"Ke kike sayo mata?" in ji Auta.

"Ni ce 'yar aike. Mai kemis ma ya taɓa ce min abin ya yi yawa. Na ce masa a'a, masaniyar magani ce ta ba da shi, wa ya isa ya ja da ita?"

"Kin sani kika yi shiru?"

"Ni me na sani? Ni ba ta yi karatu ba ce." Ta matso, ta rage murya. "Ba ni kwalin in jefar, bakina alaikum. Ki gama karatunki da mutuncinki. Yaya Dogo kawai za ki bar min, ki ce masa kin sake tunani."

"In kin jefar da kwalin, Inna ta san kalar ƙwayar. Gobe za ta aiki wani."

"Wannan kuma tsakaninta da Allah."

Kafin Auta ta amsa sai ga Dogo, ya ranƙwafo kamar yadda ya saba don ya ga idonta.

"Sanyin idona, waye ya taɓa min ke? Ko Malamar taku ce ta sake cinye ki ɗanye?"

"Dogona..."

"Na'am, hasken gidana. Inna ta ce ke kaɗai kika iya gyara mata matashi. Ni da na fito daga cikinta an mayar da ni ɗan haya!"

Ya yi dariya. Ta so ta riƙe dariyar nan ta ɓoye ta wani wuri, don ta san ba za ta ƙara jin irinta ba.

"Dogona, akwai maganar da..."

Ƙarar takalma ta katse ta. Zagayen safe ya iso: babban likita a gaba, ƙananan likitoci, nas-nas, Malama da ɗalibanta a baya. Suka kewaye gadon Inna. Dogo da 'Yar Lele suka tsaya daga ƙafa.

Babban likita ya ce ƙodar sai ƙara baya take yi, gobe za a yi allurar. Sannan Malama ta juyo, kamar yadda take yi a kowane gado.

"Ɗaliba, kin binciki abin da take sha a gida?"

'Yar Lele ta kafe ta da ido. Inna ta yi mata murmushi.

Auta ta sa hannu a aljihun farar rigarta. Kwalin ya fi dutse nauyi.

"Na bincika, Malama. Tana shan wannan safe da yamma, wata da watanni. Har yau da safe ta sha. Ina roƙon a tsayar da shi yanzu, a jinkirta allurar a ga yadda ƙodar za ta yi."

Babban likita ya karɓa, ya juya kwalin, fuskarsa ta canja.

"Wane mara hankali ne ya ba mai suga da hawan jini wannan?"

Auta ta matso gaba.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ban tambayi ciwonta ba."

Gorar ruwan da ke hannun Dogo ta faɗi, ta gangara ƙarƙashin gado. Babu wanda ya sunkuya ya ɗauko ta.

An tsayar da maganin, an fasa allurar. Inna ba ta mutu ba, amma abin da ya lalace ya lalace: wankin ƙoda ya zama nata har iya rayuwa. Malama ta kira Auta ofis, ta ce za ta maimaita zangon.

"Don laifin farko na hukunta ki," in ji ta. "Don abin da kika yi a gaban gado kuwa, ban kore ki ba. Tashi ki je."

Dogo ya same ta a bayan ɗakin magani da rana tsaka. Idanunsa sun yi ja.

"Ni na kai mata da hannuna," ya ce. "Ina kai wa ina yabonki."

"Na ce maka na kwana kaɗan ne..."

"Kin ce. Na manta. Shi ya sa ba na iya kallonki, Auta. In na kalle ki, kaina nake gani."

"Ka yafe min, Dogona!"

"Ni wa zai yafe min?"

Ran da za a sallami Inna, ta aika a kira ta. Ta rame, an ɗaura mata bututun wanki a wuya. Ta kama hannun Auta, ta daɗe tana riƙe da shi.

"Da kin yi shiru, da na mutu ina sa miki albarka. Kin yi magana, na rayu. Na san wannan, kuma zan faɗe shi a gaban Allah."

"Inna..."

"Bari in gama. Na yafe miki. Amma duk ran da aka ɗora ni a kan injin nan, sai in dawo gida in tarar da ke kina miƙo min ruwa? Zuciya ba ta da ƙashi, 'yar nan. Ki bar min ɗana."

Auta ta durƙusa, ta ɗora goshinta a kan hannun tsohuwar, har hawayenta ya jiƙa zanen gado.

"Na bar shi, Inna."

Bayan an daɗe, wata safiya, tana zaune a tagar ba da magani, sai inuwa mai tsawo ta rufe mata haske. Dogo ne, ya kawo Inna wankin ƙoda. Can a kan benci 'Yar Lele na zaune riƙe da jakarsa, riƙon matar gida.

Ya ranƙwafo, bai nemi idonta ba.

"Ciwon kai ne. Ko akwai abin da za a taimaka da shi?"

Hannunta ya tafi kan kantar magani da kansa, don ta san wanda yake sha, ta san har yadda yake yamutsa fuska in zai haɗiye. Sai ta dawo da hannun, ta ajiye shi a kan tebur.

"Wa zai sha, Malam?"

 Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ni ne."

"Wane ciwo gare ka banda wannan?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, mutanen layi suna ta tsaki a bayansa.

"Babu wanda kike da maganinsa," ya ce.

Ya juya ya tafi.

Auta ta goge idonta da bayan hannu, ta gyara farar rigarta.

"Na gaba," ta ce. "Wa zai sha?"