Ɗakin da Ba a Shiga da Ƙarfe

Ku matso kusa. Ke Nafi, ajiye wayar nan. Wannan labarin ba a ɗaga murya a kansa.

Dakta Hansatu bincike take yi a wani asibitin koyarwa. Da na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, take neman alamar da za ta tona asirin kansar mama tun hannu bai kai ga jin ta ba. Ɗakin na'urar dokarsa ɗaya: ba a shiga da ƙarfe, maganaɗisu zai fizge shi. Ita kuwa tana da zoben baƙin ƙarfe da kakarta ta sa mata saboda mutanen ɓoye. Kullum a bakin ƙofa take cire shi.

Ran nan dab da magariba, abokan aikinta sun tafi alwala, sai ga wata doguwar mata tsaye a gabanta. Ba ta ji buɗe ƙofa ba.

"Na ji kuna neman matan da za ku gwada."

"Iya, ai mun tashi. Sai gobe."

"Gobe ta yi miki nisa, 'yata."

Matar a gabanta take, amma muryar daga bayanta ta fito.

Hansatu ta kasa cewa a'a. Ta zare zoben. Matar ta bi shi da kallo, ta yi murmushi.

"Yauwa. Tun kina yarinya abin nan ke tare mini hanya."

Hansatu ta kwantar da ita ruf da ciki, yadda ake yi, ta koma bayan gilashi, inda ake sarrafa na'urar. Na'ura ta fara ƙwanƙwasa. Hansatu ta ɗaga ido. Ruf da ciki matar take, amma yatsun ƙafarta sama suke kallo.

Ta yi sauri ta mayar da idonta kan allon na'urar.

Hoto ya fito. Ga wani ɗigo a maman hagu, kamar ƙwayar dawa. Ƙarƙashinsa, wani haƙarƙari da ya taɓa karyewa ya ɗoru a karkace. Hansatu ta dafa nata. Daidai nan ta karye, ranar da ta faɗo daga bishiyar mangwaro.

"Kin gane mai shi?" aka raɗa mata a kunne.

Gadon babu kowa. Ta fita a guje, ko takalmi babu.

Washegari abokiyar aikinta ta sa ta a na'urar. Ɗigon yana nan, inda hoton ya nuna. Aka cire shi da wuri, ta tsira. Zoben ne dai ba a sake gani ba.

To, wadda aka ce ta je a duba ta, ta je, da safe, da rakiya. Amma ɗakin nan, kada wadda ta shige shi ita kaɗai da magariba. Har yau Hansatu takan ji numfashi a ƙeyarta. Ba ta san abin da matar za ta dawo karɓa ba.