Ɗakin da Gwaggo Hure Ta Je Gani

Ranar da Sahura ta fara ganin Bilyaminu, rikoda ce ta suɓuce mata. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin binciken da ya kawo ta Anka daga Gummi, don a ji inda waɗanda aka raba da gidajensu suke kwana, da irin taimakon da ke isa gare su. Shi ke yi mata tafinta wurin masu jin Fulatanci. Ya tsinci rikodar, ya goge da hannun riga, ya miƙa mata bai ɗago ido ba.

Sai da so ya yi nisa ta gano shi ma a kangon da masu gudun hijirar suka fake yake kwana, tun da aka ƙone ƙauyensu a yankin Gwashi.

Da maganar aure ta isa gidansu Sahura, Inna ta ce sam. Ga Mas'ud mai harkar zinari a Bagega, da gidansa na siminti, ya daɗe da aikowa.

"Wanga yaro ina zai aje ki? Gindin icce?"

Baba ya yanke magana: Gwaggo Hure za ta je ganin ɗaki kafin Sallah. In babu ɗaki, an ba Mas'ud.

Daga nan Bilyaminu ya daina ɗaukar waya. Sahura ta rame. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa: "Haskena, in ka haƙura da ni ne, ka faɗa mini da bakinka."

Amsa ta zo: "Sahurata, hannuna duk laka ne. Ki roƙi Allah kada ruwa ya sauko."

Ashe mai unguwa ya ba shi ɗan fili, ɗaki yake ginawa. Matan da Sahura ta zauna tana sauraronsu su ke ɗebo ruwa, mazansu na yin tubali.

Ruwan kuwa ya sauko, ana gobe Gwaggo za ta zo.

Da Gwaggo da Sahura suka iso, suka tarar bango ɗaya ya kwanta, babu rufi, mutanen kango tsamo-tsamo cikin laka suna sake ɗorawa. Bilyaminu ya durƙusa ya gai da Gwaggo. Sahura ta damƙe bakin hijabinta.

Gwaggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tuɓe takalmi, ta shiga, tana auna ƙasa da ƙafa.

"Gado ya shiga nan," ta ce. "In kun tada bangon ga, ku bar taga babba. Ɗiyata mai karatu ce."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Matan kango ne suka tarbi amarya da guɗa, Inna da kanta ta rataya labule a tagar, ta ce Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya mai da kowa gidansa.