Ƙishirwar Kariya

"Yau ma itacen ga za ka yi wa sallama kahin ni?"

Labbo bai ɗago ba. Yana tsugune gaban fasasshen tulun nan yana gyara tsakuwa a gindin kariyarsa, alhali dogari na ƙofar gida yana tattara mazan Nahuce da aka ɗiba aikin diga, can wajen Tsafe inda Nasara ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau.

"Haba, 'yar gatana..."

"Bari. Ko damina biyu ba mu yi da aure ba, za ka tahi inda ba ni sanin ci ko shanka, kuma hankalinka na ga tulu."

Gaskiya matarsa Yelwa tana da abin faɗa. Duk Nahuce an san Labbo da wannan tsiya: da ya tashi daga gona sai ya hau duwatsu yana tono itatuwan da ko akuya ba ta kallo, ƙerana ce, tinya ce, zabuwa ce, ya zo ya jera su a kasake bayan ɗaki. Kariya ita ce sarauniyarsu. Tun tana ƙarama ya ɗauko ta daga dutsen Kwatarkwashi, gindinta ya kumbura kamar tulu, amma shekara da shekaru ba ta taɓa yi masa fure ba. Uwarsa, Inna Tambaya, kan ce wannan ba kariya ba ce, ƙarya ce, kuma itacen da mafarauta ke dafa dafi da ruwansa bai kamaci gidan masu rai ba.

Labbo ya miƙe, ya riƙo hannunta.

"Bana za ta yi hure, na ga alama. Ranar da tay yi, ki sa ido ga hanya, ina tahe. Abu ɗaya nika roƙonki: ki bar ta da ƙishirwa. Komi kinka gani, kar ki ba ta ruwa."

Ta zare hannunta. Ko rakiya zuwa zaure ba ta yi masa ba, kuma wannan taurin kan shi ya hana ta sukuni daga baya.

Kaka ta wuce, gonaki suka koma kara. Wata safiya Yelwa ta ga ganye ɗaya ya yi rawaya ya faɗi. Washegari uku. Kafin kasuwar Bungudu ta zagayo, kariyar ta tsaya tsirara, rassanta miƙe kamar yatsun mai neman agaji. A daidai lokacin ne fatake suka fara kawo labarin cewa cutar agana ta shiga sansanin 'yan diga, ana binne mutane ba a ko tambayar garinsu.

Yelwa ba ta san haka kariya take ba, sai ta zubar da ganye kakaf kafin ta yi fure. Wa zai gaya mata? Mai sanin yana Tsafe. Abin da ta sani kawai, ya ɗaura dawowarsa a jikin itacen nan, ga shi kuma itacen na mutuwa a gabanta. Tana tune da gargaɗinsa sarai. Amma ina macen da za ta ga ran mijinta na bushewa, ga randa cike a ɗaki, ta naɗe hannu?

Da ƙoƙo ɗaya ta fara, a ɓoye, tana ba shi haƙuri a ranta. Daga nan ya zama safe da yamma. In kewarsa ta taso mata da rana tsaka, sai ta ƙara wani.

Inna ta tsaya kanta wata rana tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, sai cewa ta yi tun jiya take jin wani wari a bayan ɗakin nan, irin wanda ba ta son ta ambata.

Yelwa ta danna gindin da yatsa. Yatsan ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa, wani baƙin ruwa ya biyo shi. Ta kama reshe don ta tallafe, reshen ya taho a hannunta. Ta wurga shi bayan rumbu, kan tulin duwatsu, ta shige ɗaki ta kifa kai. Ita dai a ranta ta gama yanke hukunci: ta kashe Labbo da hannunta.

Ba a jima ba yayanta Dogo ya iso daga Ruwan Bore. Ya ce an tabbatar musu mazan Nahuce da ke diga babu wanda ya tashi, uwarsu kuma tana kwance tana kiran sunanta, don haka ta haɗa kayanta, in takaba ce ta yi ta a gidan ubanta. Inna Tambaya ta ce ai gaskiya ne, ɗiyar mutane ce, ta tafi. Tana faɗa tana tattara hatsin da ba ta da ƙarfin daka shi, kuma duk wanda ke gidan ya san in Yelwa ta fita babu mai ɗebo wa tsohuwar ko ruwan alwala.

Da safe Dogo ya ɗaura wa jaki kaya. Yelwa ta zagaya bayan rumbu ɗaukar taɓaryarta ta aure.

Nan ta ƙame. Reshen da ta yar yana kwance kan duwatsu, rana ta gasa shi har ya yamutse, ba ƙasa, ba ruwa, ba mai kallonsa. A bakinsa kuwa ga fure ya buɗe, ga wasu biyu na shirin bi.

"Yaya, kwance kayan ga."

"Mi?"

"Ba ni zuwa. Ka gaishe da innarmu, ka ce mata ina nan tahe in ya dawo, mu zo tare."

Dogo ya ce ta haukace, matacce take jira saboda tsinke. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya tafi ransa a ɓace. Ita kuwa ta dasa reshen cikin busasshen yashi, ta ɗauke randa daga kusa, ta koma kallon hanya.

Fure na biyu ya buɗe ranar da aka shigo da Labbo bisa jakin wani bafatake. Ya rame ƙwarai, zanzanar agana ta cinye fuskar, idanun nan da ke hango ƙerana daga gindin dutse sun yi fari fat. Inna ta rungume shi. Da ya samu kansa, sai ya bi bango da lalube har bayan ɗaki, ya zura hannu cikin fasasshen tulu. Babu komai sai busasshiyar laka.

"Ruwa kinka ba ta."

"Sahe da marece... na ga tana mutuwa, Malam. Na ga kamar kai ne."

Sai ta jawo hannunsa, ta ɗora yatsunsa kan reshen da ke cikin yashi, ta bi da su sama a hankali. Yana taɓa laushin furen, sai ya tsaya yana shafa shi. Shekarun da ya yi yana jira, ga shi ya zo, sai dai a yatsa.

"Wane launi gare shi?"

"Ja-ja ga baki, awa lallen amarya in ya fara sakewa. Cikinai hwari."

"Ƙara gaya mani."

Ta ƙara. Hawayenta na ɗiga kan bayan hannunsa, ɗaya na bin ɗaya, ta kasa tsayar da su. Labbo ya lalubo fuskarta, ya share mata da babban yatsa.

"Ya isa hakanan, 'yar gatana," ya ce. "Ni ma saura ne anka tsinto bisa duwatsu. Kar ki yi mani yawan ruwa."