Ƙwayar da Gulbi Ya Mayar

Bayan la'asar Filibus ya rufe atiliyensa, shagon gyaran na'urori da ke bayan babbar kasuwar Maraɗi, ya rataya jakar ordinatar, wato kwamfuta, ya hau moto, babur ɗinsa. Tsibiri ya kamata ya nufa, inda matarsa Dinatu ke jiransa. Sai ya karya kan moto ya ɗauki hanyar Jiratawa.

Kiran Baba Sallau ne ya ja shi. Sallau tsoho ne mai gadin famfunan ban-ruwa a gonakin Jiratawa. Da rana ya kira ya ce, "Akwatin nan naku ya fito. Ka zo ka ɗauke shi yau, ɗana. Ba zai kwana a wurina ba."

Akwatin na su biyu ne, shi da amininsa Abdurrazak. Tun suna lakwal, makarantar boko, suke tare, ɗaya ɗan gidan alhazai 'yan kasuwa, ɗaya ɗan manomi mai jan waƙa a majami'ar Tsibiri. Sun haɗa wata 'yar na'ura mai sauraron ƙarar famfo, don ta gargaɗi manoma kafin inji ya ƙone. A cikinta akwai ƙwayar ajiya, baƙa, ba ta kai farcen babban yatsa ba. Na'urar na zuba mata sauti, amma babu ordinatar da ta iya karanta ta. Sai an rubuta mata pilot, wato 'yar manhajar da ke koya wa ordinatar yaren ƙwaya. Abdurrazak ya fara rubutawa, bai gama ba damina ta yi ƙarfi. Ranar da gulbi ya tumbatsa ya sauka don ya ciro akwatin kada ruwa ya ci shi. Sai bayan kwanaki aka tsamo gawarsa. Akwatin kuwa ba a gan shi ba.

Matar Abdurrazak, Fasuma, ta haifi 'ya mace yana ƙasa, aka sa mata Mansura. Ranar suna ta sa aka kira Filibus, ta yi masa magana kanta a sunkuye.

"Baban Mansura yakan ce in yana gwaji yana yi wa akwatin nan hira. Wayarsa ta tafi da shi, ba ni da muryarsa ko'ina. In Allah ya sa aka ga akwatin, ina so yarinyar nan ta ji muryar ubanta."

Tun daga ranar Filibus yake ƙarasa pilot ɗin, layi bayan layi, daga inda hannun abokinsa ya tsaya.

Rana ta yi ja lokacin da ya iso. Bazara ce, gulbi ya bushe ƙaf, yashi ne kawai da sawun shanu. Ƙamshin albasa da na barkono na tashi daga gonaki. Sallau na tsaye a bakin ɗakin famfo, bai shiga ba.

"A ina ka same shi, Baba?"

"A gindin tsamiyar kwanar gulbi. Saman yashi, kamar an aje."

"Ruwa ne ya tono shi."

Sallau ya dube shi. "Wane ruwa?"

Akwatin na kan bencin siminti. Filibus ya taɓa shi, ya janye hannu. A jiƙe yake, da sanyi irin na randa.

"Ka tafi da shi gari," in ji Sallau a hankali.

"Bari in duba ko ƙwayar na da rai. Ba na so in sa wa Fasuma rai a banza."

Tsohon ya ɗauki butarsa. "Magariba ta yi. Ba lokacin buɗe abu ba ne." Ya ɗan jira, da ya ga Filibus ya riga ya ciro sukurdireba, sai ya nufi gindin mangwaro inda yake salla.

Filibus ya ciro ƙwayar, ya goge ta da gefen riga, ya ɗora ta a na'urar karanta ƙwaya, ya jona da ordinatar. Ya loda pilot. Allo ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan rubutu ya fito: an gane ƙwaya.

Hawaye ya zo masa. Aikinsu ya yi.

Fayilolin sauti suka jeru, kowane da ranarsa. Ya buɗe na farko. Ƙarar famfo, kukan kwaɗi, sai dariya.

"Gwaji, gwaji. Filibus, in kana ji, har yanzu ka fi ni iya solda, amma na fi ka kyau. To, ke ko kai da ke cikin ciki, ga babanka na magana. In mace ce, Mansura zan sa miki."

Filibus ya kifa kai a kan benci. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya ba da umarnin kwafe komai, layin kwafi ya fara tafiya a hankali.

A nan ne ya lura jerin bai tsaya ba.

Ya wuce ranar ambaliya. Ya wuce ranar jana'iza, ya wuce ranar suna. Akwatin da ba shi da batir, a ƙarƙashin yashi, kullum da fayil ɗinsa. Na ƙarshe ranar yau ce, kuma girmansa na ƙaruwa yana kallo.

Bai taɓa komai ba. Fayil ɗin ya buɗe kansa.

Ruwa. Irin ƙarar da mutum ke ji in ya nutsa kai cikin kogi. Can ciki wasu na magana, da yawa, ƙasa-ƙasa, da wani yare da bai taɓa ji ba. Sai suka yi tsit, kamar mutanen da aka buɗe wa ƙofa.

Kwaɗin waje ma sun yi shiru.

Warin taɓo ya cika ɗakin, da ƙarnin kifi.

"Filibus."

Muryar Abdurrazak ce, amma ba numfashi a cikinta.

"Ka kyauta. Ka koya mata yarenmu. Ka bari ta gama."

Sanyi ya taɓa yatsun ƙafarsa. Ya duba ƙasa. Ruwa ne, baƙi, yana fitowa daga ƙarƙashin benci. Famfo a kashe yake.

Layin kwafi ya kai rabi. Duk motsin da ya yi, ruwan na ƙara hawa.

"Ka kai mu wurin Fasuma," in ji muryar. "Ka kai mu wurin yarinyar."

Ya yi ƙoƙarin tashi. Ƙafafunsa sun kafe cikin laka, a ɗakin da daɓensa siminti ne. Ruwa ya kai ƙwauri. Wani abu mai santsi ya kewaye idon sawunsa, yana da yatsu, dogaye.

Ya ja wayar na'urar karanta ƙwayar ya cire ta. Allo bai ko girgiza ba. Kwafi na ci gaba.

"Ya Ubangiji," ya raɗa.

A bakin ƙofa hasken magariba ya dushe. Wasu ne tsaye a wurin, dogaye, ruwa na ɗiga daga jikinsu. Bai ɗaga kai ya ga fuskokinsu ba.

Ruwa ya kai gwiwa.

Akwai umarni ɗaya da bai taɓa gwadawa ba. Shi ne abu na ƙarshe da ya ƙara a pilot ɗin, umarnin goge ƙwaya gaba ɗaya. Ya mayar da waya. Ya rubuta umarnin.

Muryar ta canja. Ta koma ta ɗazu, mai dariya, mai rai.

"In mace ce, Mansura zan sa miki."

Yatsansa ya tsaya a kan maɓalli. Wannan ita ce muryar da aka roƙe shi. Babu wata a duniya.

Hannun da ke ƙafarsa ya ja.

"Ka yafe mini, ɗan'uwa."

Ya danna.

Ƙara ta tashi kamar dam ya fashe. Allo ya mutu. Ya ji an fizge shi ta wuyan riga, ga muryar Sallau a kunnensa yana a'uziyya da ƙarfi. Suka faɗi tare a kan ciyawa.

Da Sallau ya haska tocila cikin ɗakin, daɓen a bushe yake. Amma wandon Filibus sharkaf yake har cinya, takalminsa ɗaya kuma ba a ƙara ganinsa ba.

Washegari ordinatar ta kunna. Abin da aka kwafe duk fanko ne. Ƙwayar ma fes take, ba komai a ciki. Ya goge pilot ɗin daga duk inda ya aje shi, ya niƙe ƙwayar da guduma. Sati guda yana zazzaɓi, Dinatu na jiƙa masa goshi, ba ta tambaye shi komai ba. Shatin yatsu a idon sawunsa har yau bai ɓace ba, kuma bai sake taka Jiratawa bayan la'asar ba.

Da ya warke ya je gidan Fasuma. Ya zauna a zaure, ita tana daga ƙofa da yarinya a cinya. Ya faɗa mata an ga akwatin, ya ji muryar, kuma shi ya goge ta da hannunsa. Ya gaya mata dalili, bai rage komai ba.

Hawayenta na sauka a kan zanen goyo.

"Shi yana inda Allah ya aje shi," ta ce. "Masu kiran nan ba shi ba ne." Ta share fuska. "Amma na farkon, Malam Filibus, ka ji shi da kunnenka?"

"Na ji."

Ta juyo da fuskar Mansura wajensa.

"To faɗa mata. Yadda ya faɗa."

Filibus ya durƙusa gaban jaririyar. Ya buɗe baki, murya ta fito a dishe.

"Ga babanki na magana."