Wankan Jegon da Ya Ƙi Ƙarewa

Ranar da Kadijatu ta yi arba'in, tun da hantsi ta ɗaure kayanta ta zauna bakin gado, tana jiran a mai da ita ɗakin mijinta a unguwar Sintali. Haihuwar fari ce, shi ya sa ta yi wankan jego a gidan iyayenta a unguwar Majidaɗi. Sai ga mahaifinta Hammanjoda, dillalin shanu, ya ɗaga labule.

"Dija, kwance kayan nan. Ba inda za ki."

"Baaba, lafiya?"

"Ina lafiya, mijinki ya mai da shagon ɗinki gidan fatin siyasa? Jiya a kasuwar shanu manya suka juya mini baya, wai surukin 'yan adawa! Sai ya kawo katin jam'iyyar nan ya yaga a gabana, sannan ya ga matarsa da ɗansa."

A lokacin Turawa na haramar tafiya, zaɓe ya shigo Jalingo. Hadi tela, mijin Kadijatu, shi da abokansa suka kafa 'yar jam'iyyar masu sana'ar hannu, don a daina korar talaka daga rumfarsa a ba ɗan wane. Su goma sha ɗaya ne cur, har da wani kurma da ba ya jin abin da ake faɗa a mitin, tafi kawai yake yi. Amma yadda manyan gari suka tsane su, sai ka rantse runduna ce.

Bayan sati biyu Hadi ya lallaɓo bayan dangar gidan da la'asar. Suna jin muryar juna, ba sa ganin fuska.

"Kadijatu, na gaji. Gobe zan yaga katin, kowa ya huta."

"Malam, kai ne sakatare fa! Njidda maƙeri rumfarsa aka ƙwace don ya bi ka. Ka yaga, ka dube shi da wane ido?"

"To ke fa? Ɗanmu Jibrilla fa? Ranar suna aka miƙo mini shi, kunyar ɗan fari ta hana ni karɓa a gaban surukai. Na ce ai akwai lokaci."

Ta share hawaye da bakin mayafi. "Akwai lokacin mana. Baaba zai huce. Ni dai zan yi haƙuri, kai ma ka yi."

Wallahi ta yi haƙurin. Wata ɗaya, biyu, uku. Hadi ya aiko dattawa sau huɗu, Hammanjoda ya ba su fura ya sallame su. Ya ɗinko wa yaron 'yan riguna, aka mayar masa a ɗaure yadda ya aiko. Mahaifiyarta Hajja ta roƙi mijinta har ta gaji. Kullum da rana Hadi na bin ƙauyuka a keke yana lacca, wani wuri a saurare shi, wani wuri a jefe shi, ya dawo ɗaki ba kowa.

Cikin wata na biyar ƙyanda ta shigo Majidaɗi. Kwana uku Jibrilla ya yi da zazzaɓi. Ran na huɗu, bayan azahar, Kadijatu ta ƙwala ihun da ya tara unguwa, tana kiran mahaifiyarta.

"Dada! Dada, ya daina motsi!"

Manyan da Hammanjoda ke gudun ɓacin ransu ba wanda ya leƙo, wai ai jariri ne. Njidda da kurman nan ne suka haƙa kabarin. Da aka fito da gawar a ɗan likkafaninta, Hadi ya miƙa hannu biyu, ba wanda ya iya hana shi. Ya rungume ɗansa tun daga ƙofar gida har maƙabarta. A bakin ramin liman ya miƙo hannu, Hadi ya ƙi saki.

"Malam Hadi, ka ba da shi mana."

Ya juya ya dubi surukinsa. "Baba, ku ɗan ƙara mini kaɗan. Yau ne na fara ɗaukarsa."

Hammanjoda, mutumin da ko rasuwar uwarsa ba a ga hawayensa ba, ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza.

Ran sadakar uku ya sa Kadijatu a gaba, da rana tsaka, ya ratsa da ita ta tsakiyar kasuwa kowa na kallo, har ƙofar shagon Hadi.

"Ga matarka. Katinka ma ka riƙe abinka, ban ƙara tambaya. Ku yafe mini."

Kadijatu ta durƙusa gaban mijinta tana kuka. "Ni na ce maka akwai lokaci."

Ya ɗago ta. "Allah ne mai lokaci, ba ke ba. Shiga ɗakinki."

Jam'iyyar ta sha kaye a zaɓen, amma kafin shekara ta zagayo membobinta sun haura saba'in, Njidda kuma ya koma rumfarsa. Hadi da Kadijatu suka zauna lafiya, Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Haƙurinsu bai faɗi ƙasa ba.

Ku kuma iyaye, ina roƙonku, kada ku kama auren 'ya'yanku ku yi garkuwa da shi saboda siyasa. Fushi yana wucewa, zaɓe ma yana wucewa. Amma ran da kuka huce kuka ce a mayar da abin da kuka tsare, ba lallai ne a tarar da shi duka da rai ba.