Tsohon Tiyon Cikin Kwata

Rana ta yi ja, kaji na neman makwanci, shi kuwa Tsohon Direba kansa na cikin bonet. Motar ta girmi Auta, 'yarsa. Kwanan nan baƙin mai take zubarwa ta kowace kafa, don tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa ya toshe, ɗan bawul ɗinsa ko an girgiza ba ya motsi. Ya sayo sababbi, ya ƙi kai wa makanike. Mutum ne da in wani ya taɓa masa mota, ranar ba mai ganin haƙoransa. Shekara ashirin yana cika wa mutane kunne cewa hannunsa ne ya riƙe ta.

To, hannun nan dai ya ƙi shiga lungun. Auta ce ta zura nata, ta matse zoben bakin tiyon da fulaya, ta zare tsohon tiyo, ta sa sabo. Inji ya tashi lumui.

"Kin fi makanikan garin nan kaf," in ji shi. Ya wurga tsohon tiyon cikin kwata, ko bisimilla babu.

Gidan ya yi tsit. Har kajin.

Noti ne ya fara faɗowa a kan kwanon rufi. Can sai sifana ta fito daga akwatin kayan aiki da ke kulle, ta bi ta gefen kunnen Auta. Ita kaɗai ake jifa. Kwana uku a jere, kullum da almuru. Ran na huɗu ta zube a tsakar gida, numfashinta na fita da ƙyar, bakinta na warin baƙin mai.

"Baban Auta, ajiye fulayar nan ka kira malam!" in ji matarsa. "'Yarka ce, ba inji ba!"

Malam ya zo, ya durƙusa, ya daɗe yana karatu a kunnenta. Sai bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Tambayi wancan mai baƙin farce. Shekara ashirin ina cikin tiyon nan ina hura masa inji. Ruwa, rana, hawan tudu. Ya taɓa cewa sannu? Wannan ta matse zobe ɗaya, wai ta fi kowa!"

Zuciya ta ɗebi Direba. "Ƙarya ne! Motar nan ni na..."

Numfashin Auta ya tsaya cak. Leɓenta ya fara yin baƙi. Direba ya haɗiye sauran maganar.

"Me kike so?" in ji malam.

"Kada ya ƙara yabonta har ya mutu."

"Ba ki isa ki shiga tsakanin uba da 'yarsa ba. Faɗi wani."

Muryar ta sake fitowa.

"To ya ɗauko mini ɗakina da hannunsa. Ya kuma faɗa, kowa na ji, wa ya riƙe motar."

Direba ya dubi motar, ya dubi ƙirjin 'yarsa da ba ya motsi. Ya je ya zura hannu cikin kwata har gwiwar hannu, ya lalubo tiyon, ya wanke, ya rataye a ƙusa.

"Ba ni ba ne. Ke ce. Sannu da aiki."

"Ban ji ba."

Ya sake faɗa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Kin samu," in ji malam. "Daga yau ba ke ba yarinya, ba ke ba mota. Fita."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta ja iska mai tsawo, ta nemi ruwa.

Tun daga ranar motar sai an tura, kuma Auta ce ke gyarawa. In ta gama, Direba kan dubi ƙusar ya ɗaga murya: "Sannunku da aiki, ku biyu." Sannan ya sunkuya kamar yana neman noti a ƙasa, ya faɗa wa 'yarsa sauran yabon a kunne.