Agogon da Ya Yi Shaidar Zur

Ranar Litinin da hantsi, kwamfutar zanen taswira ta ofishin safiyo, wato masu awon fili, na Alhaji Maishanu ta ƙi tashi. Fanka na juyawa, tambarin farko yana fitowa, daga nan sai allo ya yi baƙi ƙirin. Aka aika Sabon Gari aka kira Hajaratu mai gyara.

Hajaratu ta san wannan kwamfuta fiye da kowa a Jalingo. Tsohuwar kwamfuta ce, ta haura shekara goma sha biyu, nauyinta kamar buhun masara. A kanta ta fara koyon aiki tana 'yar sakandare, lokacin da Baba Manasseh, mai zanen ofishin kuma aminin marigayi mahaifinta, yake zaunar da ita gefensa bayan an tashi makaranta.

Ta zare wayar wuta daga bango, ta kwance murfi, ta leƙa ciki. Sai ta ɗago ta dubi Alhaji.

"Alhaji, katin hoton nan ba naku ba ne."

Katin hoto shi ne abin da ke ɗaukar nauyin manyan taswirori ya fito da su a allo, kuma shi ne mafi tsada a cikin injin. An cire na asali, an cusa wani ɗan ƙarami irin na gwanjo. Wanda ya yi aikin ya ɗora wa sabon katin direbansa, wato manhajar da kwamfuta ke magana da kati da ita, amma bai goge tsohon direban ba. Su biyun suka yi ta kokawa, allo ya mutu.

Sirajuddeen, ƙanen matar Alhaji kuma mataimakinsa a aikin awo, yana tsaye a kanta. Tana mayar da waya a bango ya ce, "Za ta tsaya ta tambaye ki rana da lokaci, batirin agogonta ya mutu. Ki saka ki wuce. Kuma ai tana rubuta duk abin da aka yi mata, ko? Duba mana yaushe aka canza."

Haka kuwa aka yi. Ta saka lokaci, ta shiga ta hanyar gyara, wadda ba ta buƙatar direba, ta buɗe kundin da kwamfuta ke ajiye labarin kanta. Ta karanta da ƙarfi, har da 'yar gadara irin ta wanda ya san aikinsa: an sa sabon kati ranar Juma'a, ƙarfe biyu saura minti goma na rana.

A wannan lokaci duk Musulmin ofishin suna masallaci. Rose sakatariya ta tafi garin Lau jana'iza tun ranar Alhamis. Mutum ɗaya ne ya rage yana aiki: Baba Manasseh.

Kafin azahar Sufeto Andrawus na 'yan sanda ya zo da mota. Aka fito da dattijo mai shekara sittin da uku, mai ciwon suga, masu shaguna na kallo. A bakin ƙofa Baba Manasseh ya waiwayo, ya yi mata magana da Hausarsa ta kullum wadda ba ta bambanta mace da namiji.

"'Yana, kai ne ka karanta a ciki?"

"Ni ce, Baba."

"To. In kai ne, ba komai."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Sufeto ya ce ranar Laraba za a kai shi kotu, kuma kowa ya san daga can sai gidan yari kafin a fara sauraron shari'a. Hajaratu ta koma shago. Ba ta yarda Baba ya yi sata ba ko na minti ɗaya, amma ga shi da bakinta ta ɗaure shi.

Washegari da safe wani malamin makaranta ya kawo mata tsohuwar kwamfuta, ita ma batirin agogonta ya mutu. Tana cikin buga mata kwanan wata sai yatsunta suka tsaya. Ba a canza kati sai an zare wuta. In aka zare wuta, agogon Alhaji ya manta komai. Ke nan lokacin da ta karanta jiya, hannun mutum ne ya rubuta shi. Ta bar malamin tsaye, ta tare Keke Napep.

Ta tarar da Sufeto Andrawus a ofishin Alhaji ya zo ɗaukar bayanan shaidu. Ta roƙe shi minti goma. Ya dube ta a yatsine, amma ya ja kujera.

Jiya ta jera kundin bisa lokaci. Yau ta jera shi bisa lamba, domin kowane layi da kwamfuta ta rubuta yana da lambarsa a jere, kuma ita lamba ba ruwanta da agogo. Ta nuna masa da yatsa.

"Yallaɓai, ga layin da Baba ya kashe ta ranar Juma'a, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, da katinta na asali a ciki. Ga layin da ke bi masa. Me ya ce?"

"Juma'a, biyu saura."

"A ina ka taɓa ganin ƙarfe biyu ta zo bayan ƙarfe huɗu?"

Sufeto ya gyara zama. Ta gangara ƙasa kaɗan. Bayan an gama ɗora direba, wani ya gyara agogo daga cikin kwamfutar don kada a ga ya karkace ranar Litinin, ita kuwa ta rubuta har wannan: lokaci ya yi tsalle daga Juma'a zuwa Lahadi, ƙarfe goma da minti arba'in na safe.

"Lahadi goma da arba'in," in ji Sufeto a hankali. "Ni kaina na san inda Manasseh yake. Shi ke jan waƙa a cocinsu."

Mutum huɗu ke da mabuɗin ofishin bayan Baba: Alhaji, Rose, Sirajuddeen da maigadi Hammanjoda. Alhaji ba zai saci kayansa ba, kuma bai san inda ake kwance murfi ba. Aka fara da Rose.

"Yaushe kika dawo daga Lau?" in ji Sufeto.

"Lahadi da yamma, Oga. Motar coci ce ta kawo mu, mu goma sha takwas."

Hajaratu ta sa baki. "Anti Rose, kin taɓa ganin kwamfutar nan ta tsaya tana tambayar rana da lokaci?"

"Ban taɓa ba. Ai ba a cire ta daga wuta. Tun da aka sa sola shekara uku ke nan, ko an ɗauke wuta ba ta sani."

"Akwai wanda ya taɓa ce miki batirin agogonta ya mutu?"

"Ina ma na san tana da batir?"

Aka kira Hammanjoda. Tsoho ne mai kunya, ya tsuguna yana murza hularsa.

"Wa ya shigo ranar Lahadi da safe?"

"Kay, Yallaɓai, baƙo bai zo ba."

"Ban ce baƙo ba."

Hammanjoda ya dubi ƙasa. Hajaratu ta durƙusa kusa da shi, ta sassauta murya duk da abin da ke cin ta.

"Baffa, gobe za a kai Baba Manasseh kotu. Shekara nawa kuna cin tuwo a kwano ɗaya?"

Hammanjoda ya ja numfashi. "Ɗan gida ne. Malam Sirajo. Ya ce zai ɗauki kayan awo, akwai aiki a garin Mutum Biyu. Ya aike ni sayo goro. Da na dawo yana ciki har wajen awa ɗaya. Wallahi ni ban san sata ba ne, na ɗauka aiki ne."

"Ya fita da kayan awon?"

"A'a. 'Yar jaka kawai."

Sufeto ya so a aika a kira Sirajuddeen a keɓe. Hajaratu ta ce a'a. A gaban jama'a aka fitar da Baba, a gaban jama'a za a tambayi wannan. Ta buɗe ƙofar ofishin da kanta har bango, ta bar ta a buɗe, masu shaguna suka fara matsowa.

Sirajuddeen ya shigo yana kaɗa mabuɗin mota, Alhaji na biye da shi.

"Malam Sirajo," in ji ta, "jiya ka ce min batirin agogo ya mutu. Yaushe ka sani?"

"Kowa ya sani mana."

"Rose ba ta sani ba. Ni da nake gyara ta ban sani ba. Shekara uku ba a raba ta da wuta ba, kuma ba ta nuna wannan ciwon sai an zare waya. Kai ka faɗa tun kafin in danna makunni. Yaushe ka taɓa zare ta?"

"Ke, kin san da wa kike magana?"

"Na sani sarai. Da wanda ya zo Lahadi da safe, ya aiki tsoho sayen goro, ya cire kati. Da ta tambaye ka lokaci sai dabara ta zo maka, ka rubuta mata lokacin sallar Juma'a, don ka san wanda ke zama shi kaɗai. Ka ɗora direba, ka ga hoto ya fito, ka kashe ba ka sake kunnawa ka gwada ba. Da ta ƙi tashi, sai ka tsaya a kaina ka ce in duba kundi. Ka mai da ni wuƙar da ka yanka shi da ita."

Ta miƙa wa Sufeto takardar da ta buga, lambobi a jere. Sirajuddeen ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi takarda. Ba a daɗe ba kurtun ɗan sandan da aka aika gidan Sirajuddeen ya dawo da katin, an ciro shi daga sabuwar kwamfutar da ya haɗa a ɗakinsa. Ashe shirin buɗe nasa ofishin yake yi. Rose kuma ta tuna cewa watan jiya Baba ya ƙi zana masa taswirar wani fili a Sunkani, saboda Sirajuddeen ya matsar da iyaka taku ashirin cikin gonar wata gwauruwa. Ya so ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Da yamma aka sako Baba Manasseh. Ya rame a kwana ɗaya, ƙafafunsa sun kumbura. Hajaratu ta durƙusa gabansa tana kuka, ya ɗaga ta ya ce kayan sun dawo, shi ya yafe, a bar yaron.

Alhaji Maishanu ya samu ƙofa. Ya ja ta gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yata, kin ji mai abin ya yafe. Ni ma zan janye ƙara. Ki karɓo takardar nan daga wurin Sufeto, a rufa asiri. Ƙanen iyalina ne."

Ta share hawayenta ta dube shi. Jiya da ake tura dattijo cikin mota, wannan bakin bai ce a rufa asiri ba.

"Alhaji, satar kati taka ce, kana iya yafewa. Kwanan Baba a sel ɗin 'yan sanda nasa ne, ya yafe. Amma ni aka sa na yi shaidar ƙarya a kan ubana, kuma na riga na sa hannu a ƙarata tun ɗazu. Gobe Laraba akwai kotu, ba za a bar wurin ya tafi a banza ba."

Alhaji ya juya. Ya nuna kwamfutar da ke kwance a buɗe, taswirorin mutane makil a cikinta.

"To, wannan fa? Wa zai tayar min da ita?"

Hajaratu ta rataya jakar kayan aikinta, ta kama hannun Baba.

"Surukinka ya iya ɗora direba. Ka jira shi ya fito."